Maɓallin da Babanku Ya Tono

Ummi, ke da ƙannenki kun sha jin labarin maɓallin nan a bakin mutane, kowa da yadda yake juya shi. Wasu su ce babanku ya tono dukiyar Fir'auna ni kuma na hana shi arziki, wasu su ce tsorona ne ya kore mana rabo. Ban tsufa ba tukuna, na sani. Amma ni mace ce mai fargaba tun ina yarinya, in na ji ɗan ciwon kai sai in fara tunanin wa zai riƙe ku bayana. Shi ya sa na ce bari in rubuta yanzu da ɗan karatun da nake da shi, wanda bai wuce allo da 'yan azuzuwan firamare a Kazaure ba. In kun ga kuskure ku gyara a zuciyarku, kada ku yi mini dariya.

A shekarar muna zaune a Arba wa Nus, wata unguwa a bakin gari a Masar, a hawa na ƙarshe na wani gida da ba a gama ginawa ba, rodi tsaitsaye a saman rufinsa kamar karan dawa bayan girbi. Ke kina goye, ba ki fara tafiya ba. Babanku ya zo Masar ne yana tuƙa wa wasu mutanenmu mota a Dokki, har ya aiko na biyo shi. Da aka mayar da su gida sai aikin ya ƙare, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ita ma ta ƙare, muka zama irin mutanen da in sun hango motar 'yan sanda sai su sauya titi. Ya koma aikin bikiya, wato sayen tsofaffin ƙarafa da tarkacen da aka zubar, a ƙarƙashin wani Bamisire mai shago da kowa ke ce wa Mu'allim. Shi ne ya ara masa jihaz, wata sanda mai faifai a gindi, in ka bi da ita kan ƙasa ta ji ƙarfe sai ta yi ƙara siririya kamar kukan sauro. Da ita babanku yake bin bayan gari, inda gine-gine suka ƙare yashi ya fara, yana neman guntayen waya da tagulla da magina suka binne. Ni ban taɓa son sandar nan ba. In ya jingine ta a bayan ƙofa, sai in ga kamar kunne ta kasa tana sauraron abin da ke ƙarƙashin ɗakinmu.

Wata rana bayan la'asar ya dawo bai ko wanke ƙafa ba, ya durƙusa a gabana ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan dunƙule ne baƙi-baƙi, kore-kore, ƙasa ta manne masa, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba. Da ya goge shi a rigarsa sai wani ɗan dutse shuɗi ya leƙo daga tsakiya kamar ido.

"Rabi, duba nan. Duba da kyau."

"Maɓalli ne, Baban Ummi. Ga kunnensa a baya inda ake sa zare."

"Maɓallin wa? Shi za ki tambaya. Kin taɓa ganin talaka da maɓalli mai ido?"

Na nemi lemun tsami da toka na zauna bakin taga ina gogewa a hankali da tsohon burushin haƙori. Rana ta kusa faɗuwa, tattabarun maƙwabta suna kewaya sama, mai sayar da tukunyar gas yana buga ƙarfensa can ƙasan layi. Ƙasar tana fita, abin yana fitowa kamar fuskar mutum a mafarki. Ya yi tudu a tsakiya kamar ƙaramin ƙoƙo a kife. An zagaye bakinsa da murɗaɗɗiyar wayar azurfa, aikin maƙerin fari mai haƙuri. Jikinsa kuwa ja ne mai haske, kuma a kansa akwai tauraro mai tsini shida, dutsen shuɗin nan zaune a cibiyarsa. Da na juya bayansa, ƙasa da kunnen, sai ga rubutu da haruffan Larabci. Muka haɗa kai ni da babanku, shi ma karatunsa na allo ne kamar nawa, muna bin su da tsinin allura. Ain, shin, ra. Ushur. Kalma ta biyu ta ɗan goge, muka ga alif da lam, sai wani harafi mai kama da ba, sai nun da ya.

"Bani," in ji babanku. "Ushurin Bani wane. Zakkar wata ƙabila ce da ake kai wa sarki. Ga tauraron kuma, hatimin Annabi Sulaimanu ne, na gan shi a ƙofofin tsofaffin masallatan cikin gari. Rabi, wannan abu ya girmi kakan kakanmu."

Ni dai na lura ɗigon da ke ƙarƙashin harafin nan guda uku ne ba ɗaya ba, kuma malaminmu bai taɓa koya mana harafin ba mai ɗigo uku ba. Na faɗa masa, ya ce tsatsa ce. Na ƙyale shi, don rabon da in ga fuskarsa da irin hasken nan tun muna amarya da ango.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma gidan mafarki. Babanku zai kwanta a tabarma da ke a kan cikinsa, yana kallon silin, yana gina mana gida a Kazaure da baki: zaure, rijiya a tsakar gida, bishiyar mangwaro, motar haya tasa ta kansa. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, nakan shiga ciki. In ina wanki sai in ga mai maɓallin, wani dogo da alkyabba a kan raƙumi, yana ratsa yashin nan tun babu Arba wa Nus, babu titi, babu kowa, maɓallin ya tsinke ya faɗi bai ji ba, ya wuce abinsa. Wani lokaci in ga mace ce, ta cire shi da gangan ta jefar don wanda ya ba ta bai dawo ba. Har tuwo ya taɓa kama mini a tukunya ina can tare da su.

Amma mafarkina yakan yanke a wuri ɗaya. Duk matar da ke unguwar nan ta san kalmar asar, wato kayan tarihi. A ƙasar nan abin da aka tono daga ƙasa, in ya haura shekara ɗari, na gwamnati ne, wanda ya ɓoye ko ya sayar kurkuku ce makomarsa. A layinmu akwai wata 'yar Sudan da aka tafi da mijinta a kan irin wannan, kullum sai na gan ta da ledar abinci tana jiran mota zuwa inda yake, har ta daina samun abin da za ta sa a ledar. Shi kuwa mijin nata har takardu yana da su. Babanku ba shi da ko ɗaya. To sai ga shi ya dawo da labarin cewa ya nuna wa Mu'allim, Mu'allim ya ce ya san wani mai sayen irin waɗannan, za a haɗu ranar Juma'a bayan salla a wani shagon shan gahawa cikin tsohon gari, kuma babanku ne zai kai da hannunsa.

"Me ya sa shi Mu'allim ba zai kai ba?"

"Ni na tono, ni zan kai. So kike a cuce ni?"

"So nake ka kwana a gida. Ka san mutumin? In ɗan sanda ne fa ya sa farin kaya?"

"Ke dai Rabi, ko guguwa ta taso sai ki ce 'yan sanda ne suka turo ta. Khalas, na gama magana."

Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci, duk bai karkata ba. Abin da kawai ya yarda da shi shi ne ya riƙa bar mini maɓallin da rana in ci gaba da goge shi, don ya ƙara kyau a idon mai saye. Na ƙulle shi a bakin zanena. Na yi tunanin in jefa shi a masai in ce ya ɓata. Na tsaya a bakin masan da shi a hannu, sai na ga in na yi haka, har mu mutu zai riƙa kallona a matsayin matar da ta zubar masa da gida da rijiya da mangwaro. Na mayar da shi bakin zane.

A saman rufinmu, a wani ɗan ɗaki na katako kusa da tankin ruwa, akwai wata tsohuwa, Hajja Kaltume. Bahaushiya ce amma ta Sudan, tun tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Katagum a ƙafa za su Makka, suka tsaya noman auduga a hanya don neman guzuri, tsayawar da ba su ƙara gaba ba ke nan. Yaƙi da yawon 'ya'ya ne suka kawo ta Masar da tsufa. Muna ce mata Habboba, wato kaka a bakinsu. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, idonta ya yi hazo, da hannu da hanci take aiki. Hausarta wata iri ce, tsohuwa, kamar tufar da aka ajiye a ƙasan adaka, takan faɗi kalma in ji kamar kakata ce ta tashi daga kabari. Ranar Alhamis da hantsi na hau shanya, na sauke ki a tabarmarta. Ban yi niyyar nuna wa kowa ba. Ke ce kika kama bakin zanena kina ja kina tsotsa har ƙullin ya kwance, maɓallin ya faɗi, ya gangara ya tsaya a ƙafar Habboba. Ta lalubo shi.

"Ya bitti, 'yata, aninin rigar wa ya tsinke?"

Na yi dariyar dole.

"Habboba, ba kuɗi ba ne. Maɓalli ne."

"To me na ce? Anini."

"Anini ai kuɗi ne na da. Kakata in an roƙe ta abu sai ta ce ko anini ba ta da shi."

"Ku 'yan yanzu kun zubar da rabin Hausa a hanya. Mu abin da ake ɗaure wuyan riga da shi, anini muke ce masa. Wa ya san wani maɓalli?"

Na tambaye ta me ya haɗa kuɗi da wuyan riga. Ta ce ai anini huda gare shi a tsakiya, kuma shi ne ƙaramin kuɗin da ba ya sayen komai sai ƙuli-ƙuli, to in maɓallin riga ya faɗi, uwa sai ta ɗauki anini ta ɗinka. Tana magana tana murza shi tsakanin yatsunta kamar carbi. Can sai yatsan ya tsaya. Ta bi tsinin tauraron ɗaya bayan ɗaya, ta kai shi kusa da idonta, ta sake saukewa.

"La ilaha illallahu. Wannan ai ba suna kawai ba ne, shi ne da kansa. Aninin Bature ne, na ƙasarmu. Ga tauraronsa. Hudar ce aka toshe da dutse. Juya bayansa, ba ki ga an rubuta ushurin fene ba? Ɗaya cikin goma na kobo ke nan."

Fene, ba Bani ba. Harafin nan mai ɗigo uku. Na zauna daɓas a kan siminti, kwandon wanki a gefena yana ɗiga. Na ce to Habboba shekarunsa nawa, ya kai ɗari? Ta ce da akwai lamba a bakinsa da rubutun boko, amma maƙerin ya rufe da azurfa. Sai ta ɗago fuska wajen da take jin muryata.

"Gaya mini, idona ba ya rabewa. Fari ne ko ja?"

"Ja ne."

"Ja sosai, ko farin da ya yi tsatsa?"

"Ja kamar sabuwar tagulla. Na goge shi da lemo."

Ta yi wata dariya mai taushi, ta rungume shi a ƙirji. Ta ce farin anini shi ne na iyayensu da kakanninsu, shi kam wani zai iya kai ɗari. Ja kuwa daga baya ya zo, daf da Bature zai tattara ya tafi. Ta san da haka don da wayonta aka kawo shi kasuwar garinsu, mata suka ƙi karɓa suka ce jabu ne, sai da sarkin kasuwa ya sa aka yi shela. A damina ta gaba suka kama hanyar gabas, uwarta ta zura mata jajayen aninai a zare ta ɗaura mata a ƙugu, in ta yi gudu suna kacau-kacau, da haka ake sanin ba ta ɓace a ayari ba.

"Na girme shi, ya bitti. Ni kuwa ban kai ɗari ba, ko da yake gwiwoyina sun kai."

Na zauna ina lissafi a zuci irin na marar karatu. Maɓallin ba zai girmi kuɗin da aka ƙera shi da shi ba, kuɗin kuma bai girmi Habboba ba. Ke nan babu sarki, babu Bani wane. Wani namu ne, mai jin yaren da nake ji, ya baro gida da anini a aljihu, ya ƙi kashe shi, ya kai wa maƙeri a wani gari ya ce a yi masa ado da azurfa da dutse, ya sa a wuyansa, ya zo har bakin yashin nan. Ko ɗalibi ne, ko alhajin ƙafa, ko wanda ya ɓata hanya irinmu, Allah kaɗai ya sani. Na dubi bayan gari daga saman rufin, zafi yana sa yashin rawa kamar ruwa, na ga kamar in na ƙura ido zan hango shi yana tafe, in yi masa sannu da Hausa ya amsa.

Da babanku ya dawo na bari ya ci abinci ya sha shayi, sannan na ɗora maɓallin a gwiwarsa na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya hau wurin Habboba da kansa. Ya daɗe. Da ya sauko bai dube ni ba, ya zauna bakin ƙofa yana juya abin a hannunsa.

"Duk faɗin ƙasar Masar, da Fir'aunoninta da sarakunanta, ni anini na tono."

"Ma'alish, yi haƙuri, Baban Ummi."

"Mu'allim bai san anini ba. Mai sayen ma bai sani ba. Tauraro za su gani da rubutun Larabci."

"Ɗan sanda ma bai sani ba. Kafin a samu wanda zai ce musu anini ne, Ummi ta yi tafiya ta yi magana ba ka gani ba. In kuma mai sayen ne ya gane daga baya, ka san irinsu ba kotu suke kai mutum ba."

Ya sa shi a aljihu, ni kuma ban ce ya ba ni ba. Wannan ita ce shawarar da na yanke a rayuwata da ta fi kowace nauyi, in bar abin a hannunsa. Da safiyar Juma'a na goge masa farar rigarsa. Ya yi wanka, ya shafa turaren Habboba, ya sa hula, ya fita. Na ji nauyin aljihunsa kamar a ƙirjina yake.

Na goya ki na hau rufi. Daga can ana hango kwanar da masallata ke fitowa, hannun hagu ya nufi tashar ƙananan motocin da ke shiga gari, hannun dama ya nufo layinmu. Na ji huɗuba daga lasifika ko'ina, wannan tana hawa kan waccan, ban gane ko kalma ɗaya ba. Aka sallame. Mutane suka ɓarko, fararen riguna suka cika titi, kowa ya zama babanku a idona. Sai na gan shi, da tafiyarsa ta mai ɗaga kafaɗa ɗaya. Ya zo kwanar ya tsaya. Yaron mota yana ta kiran fasinja, yalla, yalla. Ya sa hannu a aljihu. Ban san tsawon tsayuwar nan ba, na dai san na karanta duk abin da na haddace a allo na koma farko. Motar ta cika ta tashi. Da ƙurarta ta lafa, yana nan tsaye. Sai ya juyo dama.

Kada ku zaci abin ya zo kyauta. Mu'allim ya ce babanku ya kunyata shi a gaban manyan mutane, ya karɓe jihaz ɗinsa, ya kore shi daga shagon. Ya koma dakon siminti a wajen magina, can ya samo ciwon bayan da kuke taka masa yanzu. Kuma daga ranar bai ƙara kwanciya ya gina mana gida da baki ba. Na yi kewar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Wani lokaci nakan ce masa, ina labarin mangwaronmu, sai ya yi murmushi kawai ya ce Allah ya kai mu. Ni na kashe masa wannan, da hannuna da lemun tsami, kuma in aka mayar da ni ranar zan sake.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Na sauko da gudu kina tsalle a bayana, na riga shi isa ɗaki, na zauna na ja tiren shinkafa kamar tun ɗazu tsinta nake yi. Ya yi sallama ya shigo, ya dube ni ya dubi tiren.

"Shinkafar da kike tsinta a kife tiren yake."

Na duba, gaskiyarsa, ko ƙwaya babu a kai. Ya zauna a gabana ya ciro maɓallin, ya kama wuyan rigarsa ya tsinke farin maɓallin robar da ke wurin da yatsa biyu.

"Ɗauko allura. Mutumin nan daga gida ya sako shi a wuya, ba zan bar shi a hannun baƙi ba."

"Cire rigar mana."

"A'a, ɗinka a haka. In na tashi daga nan ban san inda ƙafata za ta kai ni ba."

Na zura zare da ƙyar don idona ya cika. Na matso har ina jin numfashinsa a goshina, na ɗora jan aninin a maƙogwaronsa, dutsen shuɗin yana kallona. A ƙarƙashin yatsuna ina jin jijiyar wuyansa tana bugawa da sauri kamar ta tsuntsu.

"Rabi, a hankali, kada ki soke ni."

"To ka daina haɗiyar yawu."

"Ki riɓa zaren," in ji shi. "Wancan da zare ɗaya aka ɗinka masa, shi ya sa ya faɗi."

Na riɓa, na sake riɓawa, na ƙulle, na sunkuya na datse zaren da haƙori.